Darasi na Tara: Ɗan Kamasho a Cikin Waya

Manufar darasi

Ana so bayan wannan darasi ɗalibi ya san wanda yake jera masa abin da yake gani a kafafen sada zumunta, da inda masu kafafen suke samun kuɗinsu, da ƙofofin da zai iya rufewa da hannunsa don kada sirrinsa da na 'yan uwansa ya zama kayan kasuwa.

Karatu

Mahuta unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar Kachia, kusa da matatar man fetur da aka buɗe a 1980. A nan ne, a ajinmu na yamma, wata uwa mai ɗinki ta shigo ranar nan rai a ɓace, ta dire wayarta a kan benci tun ba ta zauna ba.

"Malam, wayar nan ta ishe ni. Ƙanwata ta haihu a Kafanchan, an sa hotunan jaririn tun ranar Asabar, amma sai jiya Laraba na ji a bakin maƙwabciya. Kullum fa sai na buɗe shafin nan. Ba abin da nake gani sai maganin rage tumbi, sai 'yan caca, sai wasu 'yan mata masu rawa da ban san iyayensu ba. Kuma da kuɗina na sayi data."

Wani dattijo, tsohon direban tanka, ya gyara zaman hularsa ya ce, "'Yata, ke taki mai sauƙi ce. Ni tawa wayar har jin magana take yi. Ranar Lahadi muna hira da ɗana kan mu sa sola, tunda wutar nan ba ta zama. Kafin in kwanta tallar sola ta cika mini waya. To wa ya gaya musu?"

Aka yi dariya, amma da na ce duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya ɗaga hannu, hannu biyu ko uku ne kawai ba su tashi ba, su ma masu ƙaramar waya ne. Ranar ba mu yi lissafin da na shirya ba. Hirar da muka yi ita ce ta zama wannan darasi.

Wa yake biyan kuɗin?

Duk wanda ya taɓa shiga mota a Sabon Tasha ko a Kawo ya san ɗan kamasho. Tun daga nesa zai taro ka, ya karɓi jakarka, ya kira ka Alhaji ko Madam, ya rantse saura mutum ɗaya mota ta tashi. Ba ya karɓar ko kwabo a hannunka. Direba ne yake biyansa, gwargwadon yawan fasinjan da ya kawo. Don haka fara'ar da yake yi maka ba ƙarya ba ce, sai dai ba kai yake yi wa aiki ba.

Haka kafafen sada zumunta suke. Babu wanda ya biya kuɗin rajista kafin ya buɗe Facebook ko TikTok ko YouTube, kuma kuɗin data da muke saye aljihun kamfanin layi yake shiga. To da me suke biyan ma'aikata? Kamfanin Meta, wanda Mark Zuckerberg yake shugabanta, shi ne mai Facebook, shi ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. A shekarar 2024 kuɗin da ya shiga hannunsa ya haura dala biliyan 164, kuma sama da kashi 97 cikin 100 daga talla suka fito. Masu talla su ne direbobi, mu ne fasinja. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya sa masu talla suke rububin waya shi ne tana zaɓar musu mutum. Allon talla da ke bakin titi kowa yake yi wa magana, yaro da babba, mai buƙata da marar buƙata. A waya kuwa mai sayar da keken ɗinki yana iya cewa, "Mata nake so, masu shekara 25 zuwa 45, mazauna Kaduna da kewaye, waɗanda suka nuna sha'awar ɗinki." Kina buɗe shafi, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjo tsakanin masu talla, wanda ya ci shi za ki gani. Irin wannan saƙo yakan zo da 'yar kalma a samansa, an rubuta Sponsored ko Ad. Ku koyi gane ta, ma'anarta an biya kuɗi don a nuna maka.

Ba duka ne sharri ba. Ita kanta mai ɗinkin ta shaida cewa yawancin masu kawo mata aiki a waya suka ga ɗinkinta. Amma mai ba da kuɗin talla ba lallai ne mutumin kirki ba. Da yawa daga cikin waɗanda harkar zuba jarin bogi ta CBEX ta tafi da kuɗinsu a Afrilun 2025 a waya suka fara jin labarinta, kamar yadda aka yi da irinta, MMM, a ƙarshen 2016.

Yadda hoton jariri ya ɓace

A ce kina da abokai 600 a shafi, kina cikin zaure goma, kina bin shafuka hamsin. Abin da duk waɗannan suke sakawa a yini ɗaya ya fi ƙarfin idonki. Dole a zaɓa. Mai zaɓar ba mutum ba ne, wani tsarin lissafi ne da ake kira algoridim, kuma tambaya ɗaya yake yi a kan kowane hoto da bidiyo: in na nuna mata wannan, za ta ƙara zama ko za ta rufe waya? Gwargwadon daɗewarki, gwargwadon yawan tallar da za a nuna miki.

Shi algoridim bai san zumunci ba. Bai san ƙanwa ta fi baƙuwa ba. Abin da ya sani shi ne yatsa. In kina wucewa kika tsaya daƙiƙa goma a kan bidiyon rawa, ko da tsayawar ta takaici ce, kina cewa "Allah ya shirya", shi a wurinsa kin so. In kika rubuta zagi a ƙasa, kin ƙara tabbatar masa. Gobe zai kawo miki uku. Ƙanwarki kuwa, tunda a waya kuke magana baki da baki, kin yi wata shida ba ki taɓa wani abu nata a shafi ba, sai ya ɗauka ba ruwanki da ita, ya tura ta can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa.

Akwai inda abin ya wuce ɓacin rai. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki aka ga cewa daga 2017 tsarin yana ba 'yan fuskokin nan na nuna motsin rai, har da mai fushi, maki biyar, alhali alamar "na so" maki ɗaya take da shi. Ke nan abin da ya fi harzuƙa mutane ya fi samun damar yaɗuwa. Daga baya kamfanin ya rage wa fuskar fushi daraja, amma darasin yana nan: saƙon da ya tafasa maka jini shi ne ya fi riƙe ka. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa wani mummunan hoton jariri ana cewa a can aka kashe shi. Binciken BBC ya nuna hoton tsoho ne, 'yan sandan jihar kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar ramuwar gayya. Mu mutanen Kaduna, na wannan tsallaken kogi da na wancan, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san abin da jita-jita ta taɓa jawo mana tun ba a fara riƙe waya ba. In saƙo ya zo yana cewa ka tura wa kowa yanzu-yanzu, wannan gaggawar kanta dalili ce ta ka dakata.

Waya tana jin hira?

Na tambayi dattijon, "Baba, ranar da kuka yi hirar sola, ɗanka ya taɓa wayarka?"

Ya yi shiru kaɗan. "Ya karɓa. Ya ce datarsa ta ƙare, zai duba kuɗin batir."

Aji ya sake fashewa da dariya, har shi.

Ba Baba kaɗai yake wannan zargi ba, har a majalisar dattawan Amurka an yi wa Zuckerberg tambayar a Afrilun 2018, ya musanta. A shekarar ce masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Boston suka gwada manhajojin Android sama da 17,000. Ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana aikawa ba, amma sun kama wasu suna ɗaukar hoton abin da mutum yake yi a fuskar waya suna turawa wani wuri. Gaskiyar magana ita ce ba sa buƙatar kunne. Sun san shekarunka, domin kai ka rubuta. Sun san unguwar da kake kwana da inda kake yini, domin waya tana faɗa. Sun san mutanen da ke cikin jerin lambobinka. Shaguna da jaridu da yawa na intanet suna ɗauke da wata 'yar alama da ido ba ya gani, wadda take kai rahoton cewa ka leƙo, ka duba kaza. Ko da ɗan Baba a tasa wayar ya duba, wayoyin biyu gida ɗaya suke kwana, kowacce tana da lambar 'yar uwarta. Ƙari a kan haka, mai sayar da sola ba wawa ba ne, ya san lokacin zafi ya yi, ya san halin wutarmu, yana iya biya a nuna tallarsa ga duk magidancin da ke Kaduna.

Ni a ganina wannan ya fi a ce waya tana saurare ban tsoro. Mai laɓe ana iya korarsa daga bayan taga. Wannan kuwa mu muke miƙa masa labari da hannunmu, kullum, tun daga asuba.

Sirrin da ba naka kaɗai ba

Wani saurayi mai sana'ar POS ya nuna mana saƙon da ya taɓa shigo masa. Hoton abokinsa ne, an rubuta a ƙasa cewa ɓarawo ne, ana nemansa, duk wanda ya san shi ya yi hattara. Laifin abokin shi ne ya ci bashin 'yan dubbai a wata manhajar ba da rance, ya yi jinkirin kwana huɗu. An tura saƙon ga surukarsa, da limamin cocinsu, da maigidansa a wurin aiki. Ta yaya suka sami lambobin? Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobi da hotuna, shi kuma idonsa yana kan kuɗi, ya danna ya wuce.

Ku lura da abu ɗaya. Surukar ba ta ci bashi ba, ba ta sauke manhaja ba, ba a tambaye ta ba, amma lambarta tana hannun baƙi. Lambobin da ke cikin wayarka amana ce ta mutane ɗari biyu ko ɗari uku. Haka hoton ɗanka sanye da rigar makaranta, da sunan makarantar ɓaro-ɓaro a ƙirji. Haka hoton katin NIN da aka tura zaure don wai ana rabon tallafi. A unguwar da kowa ya san halin tsaro, sanar da duniya cewa duk gida an tafi ƙauye bikin Kirsimeti ko Sallah, sai bayan sati biyu, ba wayewa ba ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Babban misalin wannan a duniya shi ne na Cambridge Analytica, wani kamfani na Ingila da asirinsa ya tonu a 2018. Mutum kimanin 270,000 ne suka buɗe wani wasan tambayoyi a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutane har miliyan 87, yawancinsu abokan masu wasan ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa kamfanin ya yi aiki a Najeriya gabanin zaɓen 2015.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta ba Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, ƙarfin doka. A ƙarƙashinta kana da ikon ka tambayi kamfani abin da ya tara a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye yardar da ka bayar, ka kuma ce a daina amfani da bayananka wajen aiko maka da talla.

Hukumomi sun ɗan taɓa aiki. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci tarar kamfanin rance na Soko naira miliyan 10 saboda tura saƙon cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. A Maris 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, bisa samunsa da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakkiyar yardarsu ba, da kuma ba su zaɓin da bai kai na mutanen wasu ƙasashe ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma a Afrilun 2025 kotun musamman ta tabbatar da hukuncin. Sai dai tara a Abuja ba ta goge hoton da ya riga ya isa wayar suruka. Doka takan zo ne bayan ɓarna.

Ƙofofin da za ka iya rufewa

Ba zan yaudare ku ba, talla ba za ta ƙare ba. Tun 2025 ma WhatsApp ya sanar da fara saka ta a ɓangaren sitatus. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage.

A fara da izini, domin nan ce babbar kafar. Ka shiga saitin waya, ka nemi jerin manhajoji, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da kowacce take taɓawa. Ka yi mata tambayar da za ka yi wa baƙon da ya nemi shiga ɗakin kwananka: me za ka yi a ciki? Manhajar tocila ba ta da hurumin ganin lambobinka. Wasan yara ba ya buƙatar sanin inda kake. Wadda ka yi wata uku ba ka buɗe ba, goge ta. Mai neman rance kuma ya guji duk manhajar da aka turo masa ta saƙo aka ce ya sauke kai tsaye, domin irinsu ba su bi ta rumbun da ake tantancewa ba.

Sai WhatsApp. A cikin saitinsa akwai wurin sa lambar sirri mai lamba shida, wadda ake kira tabbatarwa mataki biyu. Ka sa ta yau. In wani ya kira ka, ko da ya ambaci sunan zauren cocinku ko masallacinku ko ƙungiyarku ta adashe, ya ce za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu, kashe kiran. Wannan lambar ita ce makullin, da ita zai ƙwace shafin ya shiga roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. A nan cikin saitin kuma za ka iya hana baƙi jefa ka zauren da ba ka sani ba.

Saƙonnin talla da kamfanin layi yake turowa suna da maganinsu tun 2016: rubuta STOP ka aika zuwa 2442, kyauta ne. In ka kai kuka ga kamfanin layi bai share maka hawaye ba, lambar hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622.

Game da jeri kuwa, algoridim yana koyo, don haka a koya masa. A saman kowane saƙo akwai ɗigo uku. In ka taɓa su za ka ga inda za ka ce ba ka so, ko a ɓoye wannan talla. Abin da ya ɓata maka rai ka wuce shi da sauri, kada ka tsaya, kada ka yi zagi. Ka hana bidiyo tashi da kansa, datarka za ta ƙara kwana. Mutanen da ka damu da su kuma kada ka jira a kawo maka su, rubuta sunansu ka je shafinsu da kanka. Mai ɗinkin nan a cikin aji ta yi haka, ta ga jaririn, ta zagaya da wayar benci-benci muka yi barka.

Sababbin kalmomi

Manhaja: shirin da ake saukewa a waya don wani aiki.
Algoridim: tsarin lissafi da yake zaɓar abin da za a nuna wa mutum.
Izini: damar da mai waya yake ba manhaja ta taɓa lambobi, hotuna, kyamara ko wurin da yake.

Tambayoyi da aiki

1. Da kalmominka, bayyana inda ɗan kamasho ya yi kama da kafar sada zumunta, da inda suka bambanta.
2. Me ya sa mai ɗinki ba ta ga hoton jaririn ƙanwarta ba?
3. A ce kana sayen data ta naira 500 sau uku a mako. Nawa ke nan a mako? Nawa ne a mako 52? Me wannan kuɗi zai saya a kasuwar Sabon Tasha?
4. Ku zauna uku-uku ku tattauna: daidai ne a sa hoton yaro ko na marar lafiya a shafi ba a tambayi mai shi ko iyayensa ba?

Aikin gida: yau da dare ka duba saƙo ashirin na farko da suka fito maka. Ka ja layi uku a littafinka, ka ƙirga nawa ne na mutanen da ka sani, nawa ne talla, nawa ne na baƙi. A zo da sakamakon ranar Alhamis, a kuma zo da waya cike da caji, domin a cikin aji za mu duba izinin manhajoji tare. Wanda ba shi da babbar waya ya zauna kusa da mai ita.